Wurin Ajiye Motar Shugaba

Lorna Hatfield ba ta yarda da taron jin ra'ayin jama'a kan sabon shugaban kwalejin garinsu ba, amma ta je. 'Yan takara uku suka yi jawabi, jagoran kwamitin zaɓe, Mista Delgado, yana ta rantsuwa cewa ba a tsayar da kowa ba.

Da aka tashi shan kofi, ta leƙa ta taga. A wurin ajiye motar shugaba, ma'aikata na kafa na'urar cajin mota mai lantarki. Cikin ukun nan, mutum ɗaya ne kawai ya zo da mota mai lantarki.

Da makirufo ya iso hannunta ta ce, "Mista Delgado, sauran biyun an gaya musu, ko su ma kallo suka zo kamar mu?"