Ranar da Tuohy Ya Tsaya a Raga

Malachy Tuohy ya sauko daga jirgin ruwa a Dublin da safiyar Lahadi, takalman ƙwallo rataye a wuya. Jiya ya ci wa kulob ɗinsa na Ingila ƙwallo biyu. Yau kuma, bayan dogon jira, zai sa rigar ƙasarsa.

Mai gadin filin wasa ya tare shi.

"Ɗan wasa ne ni," in ji Malachy.

"Yau kowa ɗan wasa ne, har da wani limamin coci mai sanda. Je ka yanki tikiti, ɗan'uwa."

Sai da ya yanka ya shiga.

A ɗakin sauya kaya ya tarar da Mista Gilsenan, shugaban kwamitin zaɓen 'yan wasa, mahaucin da ƙafarsa ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba.

"Tuohy, yarona! Mun zauna a kan batunka. Dessie ne zai buga gaba."

"Dessie surukinka?"

"Ban sa baki ba. Fita na yi da za a kaɗa ƙuri'a. Ta taga kawai na riƙa kallonsu."

"To ni fa?"

"Jirgi ya bar mai tsaron gida. Kai ne dogon cikinsu."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa tsayawa a raga ba."

"Ai tsayuwar ce kawai. Ƙasa ke kiranka."

Malachy ya dubi ƙofa. Daga waje ya jiyo jama'a suna waƙa. Ya ɗauki rigar, mai warin hammatar wani, ya zura.

Baƙin da suka zo karawa da su ba su tausaya masa ba. Ya tare wasu da ƙirji, ya cafe wasu, yatsansa ya goce, amma biyar suka wuce shi. Dessie kuwa wuni ya yi yana gyara gashi.

"Tuohy, ka sa musu ƙyaure mana!" wani ya ƙwala daga cikin 'yan kallo.

Da aka tashi, ya ji Gilsenan na ce wa 'yan jarida, "Mun ba shi dama. Zaman Ingila ne ya lalata shi." Nan ya san ba za a sake kiransa ba.

A bakin titi ya ga mahaifinsa cikin kwat ɗin zuwa coci. Tsohon bai ƙara yi masa magana ba tun ranar da Malachy ya bar ƙwallon gargajiya, wadda ake kamawa da hannu, ya koma wasan Turawan Ingila.

"Biyar," in ji tsohon.

"Biyar, Baba."

"Hmm. Amma na ga da hannu kake kamawa, kamar ɗan mutunci. Kai ka roƙi a sa ka can?"

Malachy ya cusa kumburarren yatsansa a aljihu.

"Ni na roƙa, Baba."

"To zo mu sha shayi. Gobe zan faɗa wa mutanen gari ka shiryu."