Kujerar Gefen Teburin Injiniya

A kamfanin nan mai rubuta wa shaguna manhaja, akwai wata kujera a gefen teburin Injiniya da ba ta taɓa yin sanyi. Shi ya gina tsarin da kowa yake ɗora aikinsa a kai: babban kilas guda, wato ginshiƙin manhajar, kamar uwa, sauran ƙananan duk suna gadon halinta. Duk ɗan kasuwar da ya zo da sabuwar buƙata, sai Injiniya ya cusa wa uwar ƙarin sharaɗi, har ta kumbura, ba mai gane kanta sai shi. Dole a zo a zauna a tambaye shi, shi kuma yana jan rai kafin ya amsa. Daɗin aikin ke nan a wurinsa.

Sai ga Auta, ƙanwarsa, wadda shi da kansa ya roƙa mata aikin. Ta gina nata tsarin, ta farfasa aikin uwar nan gunduwa-gunduwa: wannan na farashi, wannan na ƙirga kaya, wannan na rasit, kowa ya ɗauki wanda yake so ya haɗa. Abokan aiki suka gwada, suka daina zuwa. Ba ma wurinta suka koma ba, don nata ba ya buƙatar tambaya. Wannan ya fi komai ci wa Injiniya rai.

Kishi ya hana shi sakat. In ya ji an ce "Auta akwai kai", sai ya ƙara ƙarar abin da ke kunnensa.

Da Manaja ya ce za a zaɓi tsari ɗaya a ajiye ɗayan, Injiniya ya yi murmushi, don yana da makami. Cikin masu hulɗa da kamfanin akwai wani mai ba da hayar kujeru da rumfuna, wanda kayansa ke fita su dawo, wani sa'in da karyayyar ƙafa. Manhajar mutumin nan ta taɓa wahalar da shi har ya rame.

"Ranka ya daɗe, a gwada nata da mai haya," in ji shi. "Kuma ni zan rubuta da hannuna, kada a ce an yi mata alfarma."

"Yaya, ko in nuna maka inda za ka fara?" in ji Auta.

"Riƙe abinki. Ina rubuta kilas kina rarrafe."

Aka haska allon kwamfutarsa a bango, kowa ya zuba ido. Ya ɗauko nata na ƙirga kaya, ya ƙirƙiri ɗan ƙaramin kilas na dawo da kaya, ya haɗa su yana jiran abin ya watse. Bai watse ba. Ya jefa masa karyayyar kujera, ya karɓa. Ya jefa masa wanda ya dawo da rabin kaya, nan ma lafiya lau. Hannunsa na ta gudu, abin haushi ma har daɗin rubutun yake ji.

"To, alhamdulillahi," in ji Manaja. "Tunda kai da bakinka ka kawo gwajin, kai kuma ka tabbatar, an gama magana. Ka taimaka ka kwashe sauran ayyukan zuwa nata."

Ya koma teburinsa ya dubi kujerar, ya ɗora jakarsa a kai.

Da yamma ya biya gaida mahaifiyarsu, ya tarar Auta ta riga shi. Inna ta tare shi da fara'a tun daga ƙofa.

"Babban yaya! Ta ce kai ka tsaya mata a gaban kowa, har ka zaɓo gwaji mafi wuya don kada a raina ta. Allah ya yi maka albarka, ya bar zumunci."

Ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta, ta san komai.

Inna tana jira.

"Amin, Inna," ya ce.