Saniyar Saliha

Hambali ya kamo Mudassiru ta wuyan riga, ya ɗago shi daga bakin kanal ya dire shi a kan hanya. Ƙafafun yaron a jiƙe suke har gwiwa. Takalminsa ɗaya kuwa tuni ruwa ya yi gaba da shi, yana juyawa a hankali, ya nufi ƙarƙashin gada.

"Kifi nake nuna wa Yaya Saliha," in ji yaron.

"Na ce masa kar ya je, Baba," in ji Saliha daga can baya, ta sa hannu a baki.

Hambali bai daki kowa ba, dama shi ba mai duka ba ne. Ya tsaya yana kallon ruwan har takalmin ya ɓace. Jiya Juma'a aka ba da dogon hutu, sati shida cur, yau kuwa safiyar farko ke nan. Tsakanin ƙofar gidansu da kanal ɗin bai fi taku arba'in ba. Ruwan sama ya ɗauke kwana goma sha biyu, ga mutanen Kura sun gama dashen shinkafa, shi ya sa aka sako ruwa daga dam, kanal ya cika har baki.

A tsakar gida ya tarar da matarsa Rauda tana wanke fararen kayanta na aiki. Ta dubi ƙafafun yaron, ta dubi mijinta, ta tsame hannu daga kumfa.

"Jibi Litinin," ta ce.

"Na sani."

"An hana kowa hutu a asibiti. Zazzaɓi ya yi yawa, har a baranda muke kwantar da yara. In na ce zan zauna a gida sati shida, wata za su ɗauka."

Rauda ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Bunkure, tana fita da safe sai la'asar. Shi kuwa Hambali gyaran injin ban-ruwa yake yi a bakin titi. Lokacin makaranta abin da sauƙi, boko da safe, Islamiyya da yamma. Hutu ne kullum yake zo musu da tunani.

"Lesin hutu fa?" ya ce.

"Sha biyu suke tashi. Daga sha biyu zuwa la'asar, kanal ne zai yi musu raino?"

Ya zauna a kan turmi. Sannan ya ce a hankali, "Ruga fa?"

Rauda ta mayar da hannu cikin kumfa. Mahaifinta, Malam Gidaɗo, Bafulatani ne da ya daɗe da zama a wani tudu bayan Bunkure, da shanunsa da 'yar gonar shinkafa. Wurin nesa yake da babban kanal, ga Inna, mahaifiyar Rauda, kullum tana gida.

"Ni zan buɗe baki in ce wa Baffa ya riƙe mini waccan?" ta ce.

Waccan ita ce Saliha. 'Yar fari ce, shekararta takwas, kuma tun da aka haife ta Rauda ba ta taɓa kiran sunanta ba. A gidansu, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban iyayenta, balle ta nema masa alfarma.

"Kai ka tambaye shi mana, Baban Mudassiru."

Hambali ya yi dariya. Shekara tara da aurensu, bai taɓa shan ko ruwa a gaban surukinsa ba.

"Af, na manta," in ji Rauda, ba ta ɗago kai ba. "Mai kawo mana nono ta ce Baffa ya ce injinsa ya ƙi tashi."

"Wanda na gyara kafin azumi?"

"Ni dai haka ta ce."

Kafin ya wuce shago ya leƙa gidan Talatu, maƙwabciyar da ta riƙe musu yaran bara. Tun daga zaure hayaƙi ya tare shi. Bana ta shiga sana'ar turara shinkafa, ganguna uku ne a kan wuta, ga goyo a bayanta, ga shinkafa an baza a tsakar gida ba wurin taka ƙafa.

"Ku kawo su mana, Malam Hambali," ta ce tana share gumi da gefen mayafi. "Ai 'ya'yana ne. Ɗan naka mai ƙiriniya ma ya riƙa kora mini kaji."

Ya dubi gangunan nan suna tafasa, ya tuna yadda Mudassiru ke gudu ba ya duban gabansa. Ya yi mata godiya sosai, ya ce za su yi shawara.

A shago ma ya gwada abin a ransa. Ya dubi jarkokin fetur a lungu, ya dubi tirelolin da ke wucewa a guje a titin Zariya, ya ga babu inda zai zaunar da yaro ɗan shekara biyar. Injuna bakwai ke jiransa, kowane mai shi yana cewa shukarsa za ta ƙone. Ya gyara huɗu. Da ya yi sallar azahar sai ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya kama hanyar Bunkure.

Hanyar ta bi gefen kanal, gonaki kore shar dama da hagu, belbelu na bin masu cire ciyawa. Yana tafe yana shirya maganar da zai yi. Baffa, dama yaran nan ne. A'a. Baffa, dama an yi hutu ne. Duk wadda ya ɗauko sai ya ji ta yi masa nauyi a baki.

Ya kashe babur tun daga nesa, ya tura shi da hannu. Malam Gidaɗo na zaune a kan buzu a gindin wata tsamiya, dogo, siriri, sandarsa a kan cinya. Hambali ya cire takalmi, ya tsuguna can gefe, suka gaisa. An tambayi gida, an tambayi aiki, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa. Ba wanda ya ambaci yara.

"Ga shi can," in ji tsohon, ya nuna injin da sanda. "Na ja, na ja, ya ƙi."

Hambali ya durƙusa a gaban injin. Akwai mai a tanki. Ya kai hannu wajen fulogi, sai ya tsaya. Wayar fulogin a cire take, an lanƙwasa ta da kyau an cusa a ƙarƙashin tanki. Girgizar inji ba ta yin haka. Hannu ne ya yi.

Ya saci kallon surukinsa. Tsohon ya juya kai yana kallon shanu.

In ya mayar da wayar, aikin ya ƙare kafin a ƙirga uku, sai sallama da tafiya. Don haka ya buɗe jaka, ya ɗauko sifana, ya kwance kafireto gaba ɗaya, ya jera ƙusoshin a kan tsumma, ya shiga wanke abin da ba shi da datti.

"Ruwa ya yi nisa bana," in ji Malam Gidaɗo.

"Ya yi nisa, Baffa. Allah ya kawo mai albarka."

"Amin." Tsohon ya juya sandarsa. "Na ga 'yan makaranta suna ta yawo a kasuwa."

"An ba su hutu jiya."

"To. To. Madalla."

Nan ne wurin maganar. Hambali ya buɗe baki, sai kawai ya hura cikin kafireto.

Inna ta fito da ƙwaryar kindirmo, ta ajiye a bayan tsamiyar, inda zai iya sha ba a ganinsa. Ta koma jikin zana ta tsaya, ta ba shi gefe.

"Ina maigidan nawa?" ta ce. Haka take kiran Mudassiru, irin wasan kaka da jika. "Tun sallah ban sa shi a ido ba. Ko ya sake ni ne ban sani ba?"

"Yana nan, Inna. Ai ba shi da takalmin zuwa zance ma. Yau da safe kanal ya tafi da ɗaya."

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Inna ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba. Malam Gidaɗo ya daina juya sandarsa.

"Shi yana ina lokacin da ruwan ya ɗauki takalmin?" tsohon ya tambaya.

"Yana cikin takalmin, Baffa. Na ɗago shi."

Inna ta yi salati a hankali, ta shige ciki. Tsohon ya dogara sanda ya miƙe.

"Bar injin nan tukuna. Zo ka ga wani abu."

Hambali ya bi shi a baya har bakin garke. A turke na ƙarshe akwai wata farar saniya mai baƙin kunne, da ɗan maraƙi yana tangaɗi a gefenta. Hambali ya gane ta. Ranar sunan Saliha, Malam Gidaɗo ya ba jaririyar 'yar maraƙa, kamar yadda suke yi wa kowane jika. Ita ce ta zama wannan.

"Saniyar amaryata ce," in ji tsohon. "Kwana tara da haihuwa. Amma ta ƙi tsayawa a tatse ta. Harbi take yi."

Saniyar na tsaye tana tuƙa, idonta a lumshe. Kaza na kiwo a tsakanin ƙafafunta, ko wutsiya ba ta kaɗa mata ba.

"Na ga alama, Baffa," in ji Hambali.

"Dabba tana son ta san mai ita. Ta ji warinta, ta saba da muryarta. Wannan kuwa sau nawa ta ga yarinyar? Ba daidai ba ne a ce mutum yana da dukiya, dukiyar ba ta san shi ba."

"Gaskiya ne." Hambali ya dubi ƙasa. "Kamar kwana nawa saniya kan ɗauka kafin ta saba?"

Tsohon ya shafa gemu, kamar mai lissafi.

"Ya danganta da halinta. Irin wannan mai taurin kai, ba za ta kasa sati shida ba."

Hambali bai gaya masa tsawon hutun ba. Ya danne murmushi, ya ce, "Allah ya sa ta saba."

"Sannan lokacin tatsa sai an samu mai riƙe maraƙin. Ni ƙafa ta fara ba ni wahala. Wancan mara takalmin zai iya."

"Zai iya, Baffa. Sai dai a sa masa ido."

"Yara tara aka raina a tudun nan," in ji Malam Gidaɗo. "Ko ɗaya bai san hanyar kanal ba sai da ya yi gemu." Ya ɗan tsaya. "Ban da matan."

Daga bayan zana aka ji dariyar Inna. A kan igiyar shanya, kusa da ɗakinta, Hambali ya hango sabon gidan sauro an baza yana shan iska, da ƙananan tabarmi guda biyu.

Ya koma gindin tsamiya, ya zagaya baya ya shanye kindirmon nan tas. Ya haɗa kafireto, ya ɗaure ƙusoshi, ya zaro wayar daga ƙarƙashin tanki ya mayar da ita kan fulogi. Ja ɗaya ya yi, injin ya kama.

"Me ya same shi?" tsohon ya tambaya da ƙarfi, saboda ƙara.

Hambali ya kashe injin. "Datti ne, Baffa. Amma irin wannan yana son a riƙa duba shi. Kamar duk Juma'a, bayan masallaci."

"Haka ni ma na gani. In za ka zo, ka taho da ma'aikaciyar nan taku ta duba mini ƙafa."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gida. Saliha da Mudassiru na tsakar gida suna rigima a kan wani murfin kwalba. A bakin ƙofar ɗaki akwai jakar buhu a ɗaure, ta cika da kayan yara, a samanta an ɗora sabon takalmin roba, ɗan ƙarami.

Rauda na guga. Ba ta ɗago ba.

"Injin ya tashi?"

"Ya tashi."

"Dama na san zai tashi." Ta juya rigar, ta ɗora dutsen guga. "Ka gaya wa waccan ta nemo ɗankwalinta. Da sassafe ake tatsa."