Cinikin Motar Mainasara

Mainasara na Lahodu bai taɓa tambayar kuɗin abu da bakinsa ba, in dai abin ya wuce goro. A ganinsa, kuɗin kaya girman rigar mai tambaya suke bi. In zai sayi sa a kasuwar Achida, sai ya tura wani ya taya, shi kuma ya koma gefe yana duba igiyoyi kamar wanda bai san ana ciniki ba. Da wannan dabarar ya tara abin da ya tara a noman albasa, don haka ba wanda ya isa ya ce masa ba ta ci.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato Lukman mai motocin haya na Achida. Kowace shekara, da hadari ya fara haɗowa, albasa na jibge a rudu, rumfunan nan na kara da ake adana ta, sai Lukman ya ɗaga kuɗin ɗauka, don ya san manomi ba ya jayayya in ruwa ya kusa. Bana Mainasara ya rantse sai ya sayi tasa motar, sabuwa dal mai taya shida, kafin ruwan farko. Ya sayar da gonar fadama ɗaya, ya haɗa da ajiyar shekaru, kuɗi suka tsaya a miliyan arba'in. Bayan su ba shi da ko sisi.

Ya samu lambar wani dillalin motoci a Sakkwato mai suna Abdulganiyu, ya kira shi da muryar wanda ba ya sauri. Abdulganiyu ya turo masa hoton wata farar mota, kujerunta duk a cikin leda, ya ce talatin da takwas.

Laraba matarsa ta leƙa wayar ta ce, “Malam, tunda kuɗɗin sun kai har da saura, mi kaka jira? Ka tahi ka ɗauko abinka.”

“Ke mi kinka sani ga ciniki? Kuɗɗin hwarko na wawa na. Mutumin da bai san ni ba yab ba ni sauƙi haka, akwai abin da yaɓ ɓoye.”

Washegari ya kira Zayyanu, ƙanen Laraba, wanda ke sayar da taki a Achida, ya tura shi wurin wani dillalin daban, ya ce ya nuna kamar shi zai saya. Ranar kasuwar Gandi kuma ya je ya samu amininsa Hamidu, Bafulatanin da suka yi shekara da shekaru suna sayayyar shanu tare, ya roƙe shi ya je wurin dillali na uku ya ce ya sayar da garke ne yana son mota. Bai gaya wa Zayyanu ya aiki Hamidu ba, bai gaya wa Hamidu ya aiki Zayyanu ba. Tunaninsa shi ne in suka san juna za su iya haɗa baki, kuma ko ba su haɗa ba, bakin mutum biyu ya fi na ɗaya saurin yoyo.

Zayyanu ya fara dawowa. Ya ga mota, fara, sabuwa, amma an ce talatin da tara, wai akwai wani a kanta. Mainasara ya yi murmushi. Wannan tsohuwar waƙar dillalai ce, shi ma ya sha rera wa 'yan Kudu ita a bakin rudu. Hamidu ya dawo da irin labarin, sai dai nasa dillalin ya ce mutum biyu ne a kan tasa motar.

Ya kira Abdulganiyu ya ce an yi masa tayin ƙasa da haka a wani wuri. Maimakon ya sauko, sai Abdulganiyu ya ce ai kuɗin jiya sun wuce, wani ya ƙara. Da yamma gabas ta yi duhu, iska ta kaɗa karan rudu, ko da yake ba a yi ruwa ba. Mainasara ya ce wa Hamidu ya ɗan ƙara a kan tasa don a riƙe masa ita. Dare bai yi nisa ba Zayyanu ya bugo waya, ya ce an ƙara a kan wadda ya gani. Mainasara ya ce shi ma ya ɗan ƙara.

Haka aka yi ta yi. Duk inda ya taɓa, sai kuɗi su hau. Motoci uku a hannun dillalai uku, a ce duk su yi ta tashi tare kamar an yi musu busa? Ruwa ba ya tsami banza. Ya daina cin tuwo sosai, ya koma zama a gindin darbejiya yana jujjuya maganar. Dillalai ba su san shi ba, ba su san abin da ke asusunsa ba. Waɗanda suka sani su ne waɗanda ya aika. Ya tuna Zayyanu ya sa sabon takalmi ranar Juma'a. Ya tuna Hamidu ya ce dillalin nasa ya saya masa fura da nama, kuma shi a saninsa dillali ba ya ciyar da mutum don Allah. Da kuɗin suka haura arba'in, ya gama yanke hukunci: kowannensu ya ɗora la'adarsa a kai.

Da Zayyanu ya fara, a gaban yayarsa. Saurayin ya saurara har ƙarshe, idonsa ya yi ja.

“Yaya, da kuɗɗina nika shiga mota in tahi Sakkwato, ban taɓa tambayarka ko na ruwa ba. Amma ba komi.” Ya sa takalmin nan nasa ya fita, Laraba kuma ta shige ɗaki ta bar tuwo a kan wuta.

Hamidu kuwa a kara ya same shi, wajen da ake ɗaure shanun sayarwa, yana tsaye da sanda a kafaɗa. Mainasara bai yi kwana-kwana ba, ya ce a gaya masa nawa dillali ya yanka masa.

Hamidu ya sauke sandarsa daga kafaɗa. “Mainasara, ni kaka hwaɗa ma wagga magana?”

“Tambaya ɗai nika yi.”

“Shanunka nawa sunka kwana rugata ba ka ƙirga ba? To, na ji tambayarka. Ka nemi wani ɗan aike.” Ya juya wajen shanunsa. Mainasara ya ce wa ransa mai gaskiya ai da ya yi rantsuwa.

Da ya rasa na aike, dole ya shirya da kansa. Ya sa tsohuwar riga, ya bar agogonsa a gida, ya shiga motar Sakkwato. Ya ce wa Abdulganiyu ba ya son hoto kuma, a kai shi gaban mai motar. Dillalin ya yi ta noƙewa, daga baya ya ɗauke shi a babur zuwa wani fili mai katanga a bayan gari. Akwai tsofaffin tireloli biyu da wata tankar ruwa. A tsakiya ga wani wuri da babu komai sai sawun taya sabo a kan ƙasa.

Mai filin, Alhaji Almustapha, dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo ruwa, ya ji abin da ya kawo baƙon, sai ya girgiza kai.

“Ayya, Malam, kai na na Lahodu? Ka makara. Da sahen ga anka hita da ita.”

Mainasara ya ce to a nuna masa sauran.

“Waɗanne saura? Guda ɗai ta, ita kaɗai niƙ ƙetaro da ita bana. Dillalan garin ga dut ita suka nuna ma mutane. Wata ukku tana nan ba wanda yat taya, har na yi niyyar in sake ta talatin da bakwai in huta. Sai Allah Ya kawo kasuwa, ku ukku lokaci guda: kai, da wani yaro mai taki na Achida, da wani Bahillace na Gandi. Wanga shi ƙara, wancan shi ƙara. Bahillacen nan ma ya ba mu wahala, kullum sai ya zo ya zauna nan shina roƙon a rage, kamar ransa za a cire.”

Mainasara ya riƙe kofin ruwa bai sha ba. Da ƙyar ya tambayi wanda ya saya.

“Wani mai motocin haya na, Lukman. Ya ji labarin manoman albasa na wajenku sun taso ma mota, yac ce in ta shiga hannunsu tasa ta ƙare. Bai ko yi ciniki ba.”

A hanyar komawa, suna wuce Achida aka fara yayyafi. Ƙamshin ƙasa ya cika motar, fasinjoji suna ta hamdala, shi kuwa albasarsa kawai yake gani. Kunya ta ishe shi, ga baƙin ciki, ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi. Kuɗinsa na nan cif, ba wanda ya ci masa ko kwabo, sai dai ba gonar fadama, ba mota.

Kwana biyu bayan haka farar motar ta shigo Lahodu ɗaukar kayan maƙwabcinsa, ledar kujerunta ko cirewa ba a yi ba. Lukman na zaune a gaba ya saƙalo hannu ta taga. Mainasara ya tsaya a bakin rudunsa, inda warin albasar da ta fara jiƙa ke tashi. Ya duba dama, ya duba hagu, kamar yadda ya saba in zai tura wani ya taya masa. Zayyanu ya daina zuwa gidan, Hamidu kuma ba ya ɗaukar wayarsa.

Ya gyara hularsa, ya taka har gindin motar, ya yi sallama. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Lukman, nawa zaka kai man buhu Kudu?”