Na-Laka a Gidan Kallon Gajere

"Kashe shi, Gajere."

"In kashe mi? Ɗaki cike da mutane, kai ɗai za ka ce a kashe?"

"Shagona na cikin fim ɗin ga. Sunana na bisa allon."

"Wa yab ba su shagon? Ni?"

Ismail ya san gaskiya Gajere ya faɗa. Bara ne abokinsa Mujaheed ya zo daga Goronyo da kyamara da wasu samari, ya roƙi aron shagonsa na gyaran injin ban-ruwa. Ya ba su, har da rigar aikinsa. Allon da ke ɗauke da sunansa ne bai tuna ya sauke ba.

Fim ya fito. Labarin wani makanike ne, Na-Laka, wanda duk injin da ya gyara sai ya fesa wa mai shi laka a fuska. Yana son wata mai fura, ita kuwa tana korarsa da ludayi. Masu tura fim suka zuba shi a wayoyi tun daga Wurno har Rabah. Dama aiki ya yi wa Ismail sanyi tunda manoman fadama suka fara komawa injin sola. Wannan ya iya haƙuri da shi. Abin da ya hana shi sukuni Surayya ce, wadda ake maganar aurensu. Ƙawayenta a Lahodu sun fara kiranta matar Na-Laka, ta daina ɗaukar wayarsa. Shi ko rabin fim ɗin bai iya kallo ba.

Gajere ya tsaya a bakin ƙofar gidan kallonsa, ya baza hannuwa.

"Wasa na, Ismail. Tahi gida ka sha ruwa."

Ismail ya ture shi, ya ɗaga bargon da aka rufe ƙofa da shi.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Ciki duhu, kwano ya ɗau zafi, warin gumi da albasa. Ba ka ganin fuskar kowa sai haƙora. A talabijin, Na-Laka ya durƙusa gaban mai fura cikin rigar Ismail, injin ya tofa masa laka har cikin baki. Benci-benci suka girgiza da dariya. Wani yana dukan cinyarsa, wani yana yi wa mai furar kirari. Wani dattijo a gefe yana cewa, "Ku bar yaron ga, neman halali shi kai," ba mai jinsa.

Hasken ƙofa ya faɗa a kan Ismail.

"Ga Na-Lakan da kai nai!"

"Makanike, ina hura?"

"Hala yau ma ludayi ka sha?"

Sifana na aljihunsa, babbar nan da yake kwance notin injin da ita. Bai san lokacin da ta zo hannunsa ba. Talabijin ya nufa. Ya taka ƙafafu, ya tsallake benci, wani ya zage shi, Ismail ya ba shi gwiwar hannu a baki. Saura kaɗan ya kai sai aka rungume shi ta baya. Mai riƙon ƙaƙƙarfa ne, kuma dariya ba ta gama fita daga ƙirjinsa ba, Ismail yana jinta a bayansa.

"Haba, zamna ka ga ƙarshe. Ita ka biyo shi har shago..."

Dariyar kawai Ismail ya ji. Ya fizge, ya juya, ya sauke ƙarfen da dukan ƙarfinsa. Ya sake saukewa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa kabewa. Mutumin ya zube tsakanin benci.

Sai mutanen ɗakin suka rufar masa. Aka maka masa katako a kafaɗa, sifana ta faɗi. Naushi ta ko'ina, takalma a haƙarƙari, wani yana taka masa yatsu. Ya ji haƙorinsa a kan harshe. Gajere yana ihu a bari, ya yaye bargon ƙofa ya jefar.

Haske ya shigo, hannuwa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Ismail yana kwance, kumatunsa a ƙasa. Kusa da shi ga fuskar wanda ya buga. Habibullahi ne, yayan Surayya, shi kaɗai a gidansu da ya tsaya kai da fata cewa a ba Ismail ita. Jini na fita ta kunnensa yana bin siminti. Ƙafarsa ɗaya tana motsi, sannan ta bari.

Ba wanda ya tuna da talabijin. A ciki an ɗaura aure, mai fura tana wanke wa Na-Laka fuska, kalangu na tashi.

Aka kinkimi Habibullahi aka yi waje ana neman mota. Wasu suka danne Ismail, duk da ba ya ko yunƙuri. Dattijon nan ya durƙusa ya ɗauki hular Habibullahi, ya karkaɗe ta, ya dubi mutanen da suka rage.

"To, wa ka zuwa Lahodu shi hwaɗa musu?"