Ƙofar Ɗakin Gashi

Mai Keke, kamar yadda 'yan layinsu ke kiranta saboda ɗinki, ba ta zubar da hawaye ba ranar da likita ya ce sankarar mama ce. Aka yi mata aiki, ƙarin ruwan magani ya kakkaɓe mata suma, tana ma tsokanar 'yarta Auta wai ta huta da zaman kitso.

Sai aka zo matakin gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Wata ma'aikaciya ta kwantar da ita a wani siririn gado mai tauri, ta miƙar mata da hannuwa saman kai.

"Mama, ko motsi kada ki yi. Minti goma ne. Ina kallonki ta allo."

Ta fita, ƙofa mai kaurin bango ta rufe, kan na'urar ya sunkuyo saitin ƙirjinta. Nan take ta ji ƙasa a bakinta. Shekara talatin ke nan da bene ya rufto musu ita da ƙanwarta. Kwana biyu ta yi a ƙarƙashin kankare, hannuwa a sama kamar haka, ƙanwar na kiran "Yaya" har ta yi shiru.

Ta ƙwalla ƙara, aka kashe na'urar.

Kwana uku ta ƙi komawa. Auta ta tsare ta a gaban keken.

"Umma, wuƙa ba ta ba ki tsoro ba, sai fitila?"

Mai Keke ta daɗe tana ƙoƙarin zura zare a allura bai shiga ba. Sannan ta ba ta labarin da ko mahaifin Auta bai ji ba har ya rasu.

Washegari Auta ta roƙi ma'aikaciyar a bar ƙofar a buɗe. Ba hali. To, ta zauna da ita a ciki? Shi ma ba hali.

"Amma zan yi ta yi miki magana ta lasifika, Mama," in ji ma'aikaciyar.

Haka aka yi. Ma'aikaciyar ta yi ta zuba labarin telan da ya ɓata mata riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai Keke tana jin muryar, tana kuma jin ta ƙanwarta a ƙarƙashinta. Ba ta motsa ba.

Ta fito jiƙe da gumi. Ta zauna a bencin baranda, Auta na yi mata fifita da katin asibiti.

"Sannu, Mama," in ji ma'aikaciyar. "Gobe ƙarfe tara. Saura gashi sau ashirin da huɗu."