Yarinyar Nan

A yi mini afuwa da wannan karambani. Ban saba rubuta labari ba.

A bencin baya na kotun iyali da ke Jos Safara'u ta zauna, ta rungume littafin da ta kasa karantawa. Shekararta goma sha uku, biyu daga ciki tana kai-kawo tsakanin Bukuru wajen mahaifiyarta Salma, da Laranto wajen mahaifinta, Malam Badruddeen tela. Yanzu Salma na son tafiya da ita Alƙahira hutun mako uku, shi kuwa ya ƙi sa hannu. Tsoronsa kada a tafi ke nan.

Safara'u na son ganin Alƙahira. Abin da ba ta so shi ne a kunyata Baba.

Barista Ugonna, lauyan Salma, ya miƙe yana gyara kwat.

"Malam, tun safe kake cewa 'yarinyar nan'. Ba ta da suna ne?"

"Tana da shi, ranka ya daɗe."

"To faɗa wa kotu mana."

Malam Badruddeen ya waiga. Yayyensa biyu na zaune a bayansa, ga kawunsa da ya zo tun daga Kuru. Safara'u 'yar farinsa ce. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa kama sunanta ba, balle a gaban manya. Ya sunkuyar da kai.

"Ai... an rubuta a takarda."

Wani ya yi dariya.

"Mai shari'a ta gani," in ji Barista. "Uban da ke buƙatar takarda kafin ya tuna sunan 'yarsa, shi ne zai ce kewa za ta kashe shi?"

Safara'u ta dubi mahaifiyarta. Ita ma "ke" take ce mata, ko "'yar gidan nan". Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta warware zancen. Salma ta gyara mayafi, ta zuba wa agogon bango ido.

Mai shari'a ta daɗe tana rubutu. Ta ba da izinin tafiya, da sharaɗin a dawo kafin a koma makaranta.

Dangin Salma suka miƙe ana ta barka. Malam Badruddeen na zaune yana juya hularsa, kawunsa na dafa shi yana cewa, "Ka yi daidai, ɗana."

Safara'u ta cire takalmanta masu ƙara ta riƙe a hannu, ta bi ta ƙofar gefe kafin wani ya waiwayo.